Tun da aka sa mana furoksi shafin gwajin jarrabawa ya ƙi buɗewa

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman taimako, kuma abin na gaggawa ne. A makarantar da nake koyarwa muna da ɗakin kwamfuta, guda ashirin da huɗu, duk a haɗe da waya zuwa suwic ɗaya. Akwai laftof da muka mayar saba (server, wadda sauran kwamfutoci ke ɗaukar abu daga gare ta), a cikinta muka zuba manhajar gwajin jarrabawa saboda 'yan aji shida masu shirin JAMB. Yaro zai buɗe Chrome ya rubuta 192.168.1.10, tambayoyi su fito mashi. Shekara biyu muna haka lafiya lau.

Satin da ya wuce mai makaranta ya kawo wani matashi ya haɗa mana furoksi (proxy, na'urar da sauran kwamfutoci ke bi ta cikinta su shiga intanet), saboda data tana ƙarewa tun wata bai raba ba, yara na shiga kallon ƙwallo da bidiyo. Ya sa manhajar furoksi mai suna Squid a wata tsohuwar kwamfuta mai adireshi 192.168.1.2, fot 3128, ya bi kowace kwamfuta ya rubuta wannan lamba. Abin da aka hana ya hanu, data ta daina zuba. Amma tun ranar shafin jarrabawa ya ƙi buɗewa. Matashin ya yi tafiya, wayarshi ba ta shiga. Ranar Asabar za mu yi gwajin ƙarshe, an riga an gaya wa iyaye. Na duba wurin saitin, akwatin nan da ke cewa kada a yi amfani da furoksi ga adireshin cikin gida yana da alama. Na cire na mayar, shiru.

Abba Mai Kafe, Ƙofar Soro:
Wa alaikumus salam Malam. Ka kashe furoksin kawai ka huta. Settings, Network & Internet, Proxy, ka kashe maɓallin Use a proxy server. Minti ɗaya kowace kwamfuta. Ni ban ga abin da furoksi ke tsinana wa mutum a wannan zamani ba.

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Abba na gwada a guda ɗaya, kuma shafin ya buɗe. To amma mai makaranta ya biya kuɗin aikin, kuma gaskiya yana da hujja. Idan na kashe, gobe yara sun koma kallon bidiyo, ni za a tuhuma.

Injiniya Lawal:
Malam Kabir, sannu da fama. Kafin a kashe ko a kunna wani abu, ka kwafo mana abin da shafin ke rubutawa idan ya ƙi buɗewa, harafi da harafi. Farin shafin Chrome ne mai cewa an kasa kaiwa ga furoksi, ko kuwa wani shafi ne daban mai rubutu a ƙasa?

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Ranka ya daɗe, a sama an rubuta ERROR, The requested URL could not be retrieved. A tsakiya Access Denied. Can ƙasa kuma akwai kwanan wata da kalmar squid.

Injiniya Lawal:
Madalla, ka ba mu amsar da kanka. Wannan shafi ba sabar jarrabawa ce ta rubuto shi ba, ba kuma Chrome ba. Squid ne ya rubuto shi. Ma'ana buƙatar yaron ba ta je wurin laftof ɗin ba sam, wurin furoksi ta tafi, shi kuma ya ce ba ya cikin abin da aka ba shi izini.

Furoksi ɗan aike ne. Kana zaune a zaure, maimakon ka tafi kasuwa da ƙafarka sai ka aike shi, ya je ya karɓo ya kawo maka. Mai gida ya ba shi takarda: ga inda za ka, ga inda ba za ka ba. Da aka saita kwamfutocinku, an ce musu kome za su nema su aiki wannan yaro. To yanzu ga abu a ɗakin da ke kusa da naka, cikin gida ɗaya, amma sai ka kira ɗan aike, shi kuma ya duba takardarsa ya ga babu ɗakin a ciki. Masu haɗa Squid a makarantu sukan hana shiga da lambar IP tsagwaronta don kada yara su zagaye sunan shafin da aka toshe, ko kuma su rubuta jerin shafukan da aka yarda da su kaɗai. Ko wanne matashin ya yi, lambar sabarku ta faɗa cikin haramcin.

Batun akwatin da ka ce yana da alama, nan ne kusan kowa ke yin tuntuɓe. Abin da Windows ke nufi da adireshin cikin gida ba abin da ni da kai muke nufi ba ne. Ba ya duba ko na'urar tana ɗaki ɗaya da kai. Abu ɗaya yake dubawa: sunan da aka rubuta a burauza yana da ɗigo ko babu. Idan ka rubuta http://jarrabawa babu ɗigo, sai ya ce na gida ne, ya tafi kai tsaye. Idan ka rubuta 192.168.1.10, ɗigo uku ne a ciki, sai ya ɗauke shi baƙo ya miƙa wa furoksi. Ka sa alamar sau ɗari, ba za ta rufe lambar IP ba.

Gyaran: a wancan shafin na Proxy, ƙarƙashin adireshi da fot, akwai babban akwati na waɗanda aka keɓe. Ka rubuta wannan a ciki:

192.168.1.10

ka bar alamar nan yadda take, ka danna Save, ka rufe Chrome gaba ɗaya ka sake buɗewa. Idan za ka ƙara wani adireshi, kamar na firinta, ka raba su da alamar ; (semicolon). Ba waƙafi ba.

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Allahu Akbar. Ya buɗe! Shafin shiga ya fito, ga wurin rubuta lambar ɗalibi. Kwana biyar ina zufa a kan layi ɗaya. Allah ya saka da alheri Injiniya, Allah ya jiƙan mahaifa.

Mustapha Batagarawa:
Amin. Amma Injiniya ina da tambaya. Tun da Squid ne ya hana, me zai sa a bi kwamfuta ashirin da huɗu ɗaya bayan ɗaya? A je kan Squid ɗin a ƙara layi guda a squid.conf a ba da izinin 192.168.1.10, an gama. Wuri ɗaya, gyara ɗaya.

Injiniya Lawal:
Mustapha, zai yi aiki, ban musa ba. Amma dalili biyu ya sa ba zan so shi ga Malam ba. Na farko wuta. Malam, kwamfutar da Squid ke kai tana kan inbata?

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
A'a ranka ya daɗe. Tana ofishin mai makaranta, a kan layin wutar gari. Ɗakin kwamfuta ne kawai ke kan sola.

Injiniya Lawal:
To ka gani. Idan jarrabawa tana bi ta furoksi, ranar Asabar ana tsakiyar tambaya ta talatin a ɗauke wuta, Squid ya mutu, yara ashirin da huɗu su ga ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED lokaci guda, alhali saba tana nan a kunne, taku biyar daga inda suke zaune. Jarrabawar ba ta buƙatar intanet, don me za a rataya ta a wuyan na'urar da aikinta intanet ne?

Na biyu, duk buƙatar da ta bi ta furoksi, saba za ta gan ta da adireshin furoksin ne. Yara ashirin da huɗu su zama mutum ɗaya mai lamba 192.168.1.2. Akwai manhajojin jarrabawa da ke lura da adireshin kowace kwamfuta don gane wanda ya shiga daga kujera biyu. Ga irin waɗannan, ka rikita musu lissafi.

Mustapha Batagarawa:
Na karɓi maganar wuta, ban yi tunaninta ba. A wurin aikinmu komai yana kan inbata ɗaya, shi ya sa.

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
'Yan uwa na dawo. Na bi duka na rubuta. Goma sha tara sun yi. Biyar sun ƙi, kuma biyar ɗin nan Firefox ne a kansu domin tsofaffi ne, Chrome yana yi musu nauyi. Access Denied ɗin nan dai.

Mustapha Batagarawa:
Wannan na san shi. Chrome da Edge ba su da saitin furoksi na kansu a Windows, na Windows ɗin suke bi. Firefox yana da nashi daban. Ka shiga Settings, a shafin General ka gangara har ƙasa wurin Network Settings. Za ka ga zaɓi biyar. Na tabbata matashin ya zaɓi Manual proxy configuration ya rubuta lambar da hannu, shi ya sa abin da ka gyara a Windows bai shafe shi ba. Ko dai ka mayar da shi kan Use system proxy settings ya riƙa bin Windows, ko ka bar shi a haka ka rubuta 192.168.1.10 a akwatin No proxy for.

Ka kula, rubutunsu ya bambanta. Firefox waƙafi yake so tsakanin adireshi da adireshi. Kuma idan dukan gidan kake son keɓewa, a Windows tauraro ake sawa, 192.168.1.*, a Firefox kuma 192.168.1.0/24 ake rubutawa. Na taɓa kwafo na wannan na liƙa a wancan, na yini ina neman abin da ya lalace.

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Haka ne Mustapha, a kan Manual suke. Na mayar da su bin Windows, duka biyar sun buɗe.

Abba Mai Kafe, Ƙofar Soro:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, kuma ba gardama nake nema ba. Lokacin da na fara aikin kafe, furoksi yana da amfani na gaske. Layi ɗaya mai rauni, mutum goma suna buɗe shafi iri ɗaya, Squid ya ajiye hotunan a wurinshi, na biyu ya zo ya samu a kusa. Ana ganin bambanci da ido. Har a waya ma, wa ya manta lokacin da sai ka rubuta 10.199.212.2 da 8080 a saitin MTN kafin ƙaramar Nokia ta buɗe shafi? Yanzu kusan kowane shafi https ne, a kulle yake tun daga burauza har saba. Squid ba ya ganin abin da ke ciki, balle ya ajiye. To mi ya rage mashi? Wahalar da Malam ya sha kwana biyar ita ce ribar?

Injiniya Lawal:
Abba, rabin maganarka gaskiya ce tsantsa. Duk wanda ya sayar wa mai makaranta furoksi da sunan zai riƙa ajiye shafuka ya rage cin data, bai gaya masa yadda abin yake yanzu ba. Amma ajiya ba ita kaɗai ce aikinsa ba. Idan burauza za ta buɗe shafin https ta furoksi, sai ta fara ce masa: haɗa ni da wane, a fot 443. Sunan shafin yana gani, ko da bai ga cikinsa ba. Da wannan sunan yake hanawa ko ya bari, kuma yana rubuta wace kwamfuta ta nemi wane shafi, da ƙarfe nawa, ta ja nawa. Datar makarantar Malam ba ajiya ce ta tsare ta ba, hana bidiyo ne. A kafe ɗinka mutum ya biya kuɗinsa, ya kalli abin da ya ga dama. Makaranta amanar 'ya'yan mutane ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abba Mai Kafe, Ƙofar Soro:
To ai ana iya toshewa a rauta ko ta DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lambar IP, ba sai an taɓa kowace kwamfuta ba.

Injiniya Lawal:
Ana iyawa, kuma da ni aka tambaya tun farko, ga ɗaki mai kwamfuta ashirin da huɗu, wataƙila ta nan zan fara. Amma an riga an kafa wannan, yana aiki, Asabar saura kwana uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malama Rukayya, Daura:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo tsakiyar magana, amma abin da kuke faɗi ya warware mini wani abu da ya dame ni. Wata biyu da suka wuce na je wani horo na kwana uku, aka karɓi laftof ɗinmu aka saita mana don mu samu intanet na wurin. Da na dawo gida na haɗa da wayata, alamar Wi-Fi ta nuna an haɗu, amma kowane shafi sai ya ce babu intanet, akwai matsala da furoksi. Na zaci data ce ta ƙare, na sake saye har sau biyu. A wayar komai yana tafiya. Daga ƙarshe na ajiye laftof ɗin, ina rubuta sakamakon ɗalibai a waya da ɗan yatsa. Yanzu na bi inda Abba ya kwatanta, na tarar da wata lamba mai farawa da 10 a rubuce. Na kashe maɓallin, shafi ya buɗe nan take. Wallahi har hawaye na yi.

Injiniya Lawal:
Sannu Malama, Allah ya mayar miki da abin da kika kashe. Laftof ɗinki tana Daura amma tana ta neman ɗan aiken da ta baro a wurin horo. Lambobin da suka fara da 10, da 192.168, da kuma 172.16 zuwa 172.31, an ware su ne tun 1994 don amfanin cikin gida. Ba a samun su daga waje, sai kana cikin ginin da suke. Kuma Windows, idan an rubuta furoksi da hannu, ba ruwansa da wace Wi-Fi kika hau, zai ci gaba da nemansa ko ina. Android ta fi sauƙi a nan, domin furoksin yana liƙe ne da sunan Wi-Fi ɗin da aka saita shi a kai, kina barin wurin ya bar ki. Masu saita wa baƙi laftof, don Allah ku riƙa cirewa ranar sallama, ko ku nuna musu inda ake kashewa.

Malama Rukayya, Daura:
Na gode Injiniya. Wata tambaya kuma, kwana ukun da na yi a kan furoksinsu na shiga imel ɗina da asusun banki. Sun ga kalmar sirrina ke nan?

Injiniya Lawal:
Idan shafukan https ne, kuma na banki da na imel haka suke, abin da suka gani shi ne sunan shafin da lokacin da kika shiga. Kalmar sirri da saƙonni a kulle suka wuce. Sai fa idan an sa wa laftof ɗin wata takardar shaida ta wurin, wadda ke ba furoksi damar buɗe kullin ya sake kullewa. Wasu manyan ma'aikatu suna yin haka a kwamfutocinsu. Tun da sun riƙe laftof ɗin a hannunsu ba a gabanki ba, ki canza kalmar sirrin imel ɗin don hankalinki ya kwanta, kuma ki kai wa wanda kika yarda da shi ya duba jerin takardun shaidar da ke ciki.

Nura Rafin Daɗi:
Yayye barkanku da dare. Ni ɗalibi ne. Tun da ana maganar kewaye furoksi, a makarantarmu an toshe YouTube a Wi-Fi, kuma wallahi darasin lissafi nake son kallo. Idan na rubuta youtube.com a akwatin keɓewar nan zai buɗe? Ko akwai furoksi na kyauta da zan sa?

Mustapha Batagarawa:
Nura, akwatin nan ba maɓallin buɗe abin da aka hana ba ne. Cewa kawai yake yi: wannan adireshi kada a aiki ɗan aike, zan je da ƙafata. Idan mai kula da netwok ɗin ya san aikinshi, ƙofar fita a rufe take ga kowa sai furoksi, za ka je da ƙafarka ka tarar da ita a garƙame.

Injiniya Lawal:
Ƙanena, na yarda darasi kake nema, amma ba za mu koya maka tsallake dokar makarantarku a nan ba. Ka je wurin mai kula da ɗakin kwamfuta da sunan tashar da kake bi, ka roƙi a buɗe ko a sauke muku darussan a ajiye a saba, kowa ya amfana. Sau da yawa ana yarda. Furoksin kyauta kuwa ina roƙonka ka nisance shi. Ba ka san mai shi ba, ba ka san ƙasar da yake ba, kuma shi yana biyan kuɗin saba duk wata. Ka tambayi kanka da me yake mayar da kuɗinsa. Tun lokacin da aka rufe Twitter a ƙasar nan a 2021 mutane suka cika na'urorinsu da irin waɗannan manhajoji, har yau ana kawo mini kwamfuta da furoksin da mai ita bai san da shi ba, an cire manhajar amma saitin ya zauna.

Nura Rafin Daɗi:
To Baba, na ji. Zan same shi gobe in sha Allah.

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Jama'a wata sabuwa. Yau da safe na sa yara biyar su gwada, sai ga Access Denied ya dawo a duk kwamfutocin. Jiya da idona na ga suna buɗewa. Na shiga da kaina na duba, layin da na rubuta yana nan, kuma a wurina yana buɗewa. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Mustapha Batagarawa:
Malam, da wane asusu ka shiga jiya, da wane yaran suka shiga yau?

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Ni da na admin nake shiga. Yara suna da nasu mai suna Dalibi, marar kalmar sirri.

Mustapha Batagarawa:
Shi ke nan. Saitin furoksi a Windows na kowane asusu ne daban. Ka gyara naka, na yara yana nan yadda matashin ya bar shi. Ka shiga ta Dalibi ka maimaita. Don kada ka sha wahalar danne-danne, buɗe Notepad ka rubuta wannan layi ɗaya, ka ajiye shi da suna gyara.bat a filashi:

reg add "HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Internet Settings" /v ProxyOverride /t REG_SZ /d "192.168.1.10;<local>" /f

A kowace kwamfuta, kana cikin asusun Dalibi, ka danna shi sau biyu. ProxyOverride shi ne ainihin inda akwatin keɓewar ke ajiye abin da aka rubuta, kalmar <local> kuma ita ce alamar nan da ka yi ta cirewa kana mayarwa. Ka sani zai goge duk abin da ke cikin akwatin ya sa wannan, don haka idan akwai wani adireshi a ciki ka haɗa da shi a layin.

Amma maganin dindindin a ganina fayil ɗin PAC ne. Tsohuwar dabara ce, tun 1996 Netscape ta fito da ita, kuma duk burauza ta san ta. Ƙaramin rubutu ne kamar haka:

function FindProxyForURL(url, host) {
  if (isPlainHostName(host) || host == "192.168.1.10") return "DIRECT";
  return "PROXY 192.168.1.2:3128";
}

Ka ajiye shi a sabar jarrabawa da suna proxy.pac, a kowace kwamfuta ka kunna Use setup script ka rubuta http://192.168.1.10/proxy.pac. Daga ranar, duk canjin da za ka yi a fayil ɗaya ne. Sabon firinta, sabuwar saba, ka ƙara layi, duka su ɗauka.

Injiniya Lawal:
PAC abu ne mai kyau, ni ma shi nake sawa inda kwamfuta ta yi yawa. Amma a gaya wa Malam abin da ke bayansa. Idan burauza ta nemi fayil ɗin ba ta samu ba, misali an kashe laftof ɗin saba an kulle a durowa bayan an tashi, ba tsayawa take yi ba, sai ta tafi intanet kai tsaye ba furoksi. Haka kuma masu ƙara kalmar DIRECT a ƙarshen layin PROXY don ko furoksi ya mutu aiki ya ci gaba. A ofis wannan rahama ce. A makaranta kuwa, yaro ɗaya ya gane cewa zare waya ɗaya yana buɗe komai, kafin tashi duk ajin ya sani.

Wannan ya kawo mu ga abin da Mustapha ya gaya wa Nura jiya. Malam, jarraba wannan: a kwamfuta ɗaya kashe furoksi ka buɗe shafin da aka hana.

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Ya buɗe ranka ya daɗe. Bidiyo har da sauti.

Injiniya Lawal:
To ashe an sa mai gadi a ƙofa amma ba a yi katanga ba. Duk yaron da ya san inda maɓallin yake ya fita. Saitin burauza roƙo ne, doka tana wurin rauta: a hana kowace kwamfuta fita waje sai 192.168.1.2 kaɗai. Idan an yi haka, kashe furoksi ba ya ba yaro komai sai rashin intanet, jarrabawa kuma tana aiki domin ba ta bi ta rauta zuwa waje ba.

Kada ka taɓa wannan kafin Asabar. Yana da 'yan rakiya. Sabuntawar Windows da wasu ayyukan bayan fage ba sa bin saitin burauza, suna da nasu, sai an buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon admin an rubuta netsh winhttp import proxy source=ie kafin su san da furoksi. Sannan agogo. Kwamfutocin gwanjo da yawa ƙaramin batirinsu na ciki ya mutu, daga intanet suke gyara lokaci ta fot 123, wanda ba ya bi ta Squid. Ka rufe shi, wata safiya kwamfuta ta tashi da kwanan watan shekarun baya, kowane shafin https ya ce takardar shaidarsa ba daidai ba ce. Sai an zauna an bi su a natse.

Abba Mai Kafe, Ƙofar Soro:
Maganar batirin nan gaskiya ce, CR2032 ne, ina da su a shago. Malam in kana so ka aiko yaro ya karɓi guda biyar, ka biya daga baya. Kuma Injiniya, a kan batun katanga na sallama. In dai za a yi furoksin, a yi shi da rauta.

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Na gode Abba, zan aiko bayan La'asar. Na bi duka ashirin da huɗu ta asusun Dalibi da filashin Mustapha. Na sa yara sun shiga da kansu, kowa ya ga tambayoyi. Na kuma je ofis na kashe kwamfutar Squid da gangan, na dawo na tarar suna ci gaba da amsawa.

Malam Kabir Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. An yi gwaji yau, rukuni uku, daga ƙarfe tara zuwa Azahar. Wajen sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta, fankar ofis ta tsaya, ni kuma gabana ya faɗi, na leƙa ɗakin. Ba wanda ya ɗago kai, sai ƙarar linzami. Kwamfuta ɗaya ce ta ba da matsala, ita ma wayarta ce ta saki daga suwic. Na nuna wa mai makaranta abin da Injiniya ya sa na jarraba, ya ga bidiyo ya buɗe da idonshi, ya ce a yi aikin rautar. Injiniya, yaushe za ku samu sarari?

Injiniya Lawal:
Alhamdu lillahi, Allah ya ba yaran sa'a a ta gasken. Litinin bayan Azahar in sha Allah. Kafin nan ka duba bayan rautar ka turo mini sunanta da lambar samfurinta ta saƙon sirri, kuma ka tambayi mai makaranta ko matashin ya bar masa kalmar sirrin shiga cikinta. Mustapha, idan kana gari ka zo mu tafi tare, ka taho da fayil ɗin PAC ɗinka.

Mustapha Batagarawa:
Ina nan Injiniya. Zan biyo ta Ƙofar Ƙaura in jira ku a bakin titi.